Kwana goma sha biyu da ɗaki a bayan mota

Zangonmu na farko a wannan tafiya sikelin manyan motoci ne. Mu huɗu ne da mota ɗaya, sai karaban a bayanta, wato ɗakin nan mai taya biyu da ake maƙala wa mota ta ja, da gado da murhu da makewayi a cikinsa. Shirinmu kwana goma sha biyu: mu ratsa fili, mu hau tsaunuka, mu gangaro bakin teku. Biyu za su riƙa kwana a karaban, biyu a tanti. Na hau da shi kan sikeli, na kwance shi daga mota don a auna shi shi kaɗai, lamba ta fito kilo 1,356. Ɗan farantin ƙarfen da ke gefen ƙofarsa kuwa ya ce kada ya wuce 1,350.

Kilo shida ba wani abu ba ne a ido, amma lissafin da ya kai mu can ya cancanci a tsaya a kansa. Karaban ɗin ba kaya kilo 1,150 ne, ke nan duk abin da aka yarje mana mu loda kilo 200 ne kacal. Batir ya ci 27. Tukwanen gas biyu cike sun ci 28. Rumfar da ake jingina wa gefe, da sandunanta da turakunta, 30. Wayar jawo lantarki mai tsawon mita 25, kilo 6. Kusan rabi ya tafi ke nan alhali ba a sa ko cokali ba. Kayan girki da na shimfiɗa, tufafi, guzuri, kujeru da tebur suka cinye sauran har suka ɗora. Mai sayen karaban ya karanta takardarsa da kyau, domin wasu masu ƙerawa suna lissafa gas a cikin nauyin da ba kaya, wasu ba sa yi. Muka ɗauke rumfar muka mayar but ɗin mota, muka dawo 1,326. Tankunan ruwa kuwa fanko muka bar su, kuma haka muka yi ta barin su duk lokacin da za mu hau titi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ga shi ruwa ba ya zama wuri guda, duk shan kwana sai ya tunkuɗa gefe.

Motar da ke jan ma da nata lissafin. Tamu kilo 1,700 ce ba kaya. Shawarar da ake ba sabon shiga ita ce nauyin karaban da kayansa kada ya haura kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar, wato 1,445 a wajenmu. Shawara ce, amma mai kyau, don idan abin da ke baya ya kusa kamo na gaba a nauyi, shi ne zai fara tuƙa motar. Iyakar da kamfanin motar ya rubuta cewa za ta iya ja, wannan ba a ƙetare ta ko da wasa.

Abin da ya fi jimillar nauyi wahalar da mutane shi ne inda nauyin ya zauna. Mai jaki ya san wannan tun tuni: mangalar da ta karkata ita ke kayar da jaki, ko da kayan bai kai rabin ƙarfinsa ba. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a tsakiya, daidai saman tayoyi, a tokare su don kada su zame. Akwatunan sama na tufafi ne da abubuwa marasa nauyi. Can ƙarshen baya kuwa ba a ajiye komai mai nauyi. Daga nan sai a auna nauyin hanci, wato yadda gaban karaban ke danne dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota. Ana son ya faɗa tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban, muddin bai wuce abin da motar ke ɗauka ba. Tamu iyakarta kilo 80, don haka 75 muka nema. Akwai ma'auni na musamman, amma sikelin auna mutum na gida ma yana yi: a ɗora masa katako, a tsayar da guntun icce mai tsawon da zai sa hancin ya zo daidai da tsayin dunƙulen motar, a sauke hancin a kai, a karanta. Da farko 92 muka samu. Kwalin kayan aiki da jarkar man wanki ne a akwatin gaba. Muka ja su baya zuwa saman tayoyi, aka samu 76. Kuskuren da na sha gani shi ne a kai wani nauyi can wutsiya don a sauƙaƙa hanci. Sikeli zai nuna lamba mai kyau, amma an mayar da karaban lilo.

Maƙalawa tana da tsari, kuma ban yarda a yi ta ana hira ba. Dunƙulen motar milimita 50 ne. Mahaɗinmu, wato bakin karaban da ke kama dunƙulen, na kamfanin AL-KO ne, irin mai 'yan faifai a ciki da ke matse dunƙulen don rage rangaji, kuma irin wannan ba ya son girisi ko fenti ko kaɗan. Na goge dunƙulen da takardar yashi mai laushi, na wanke da man wanke birki har ya yi ƙal. Idan aka shafa girisi, faifan sun mutu a banza. Idan datti ya shiga, za ka ji yana gurnani a kowace kwana. Bayan mahaɗin ya zauna, alamar kore ta fito, sai in murɗa 'yar tayar gaba ƙasa kamar zan ɗaga hancin. In bayan mota ya ɗago tare da shi, ya kama. In hancin ya zare ya taso shi kaɗai, gara ka gane a nan da ka gane a kan titi. Sai siririyar wayar ƙarfe da ke jan birkin karaban idan ya tsinke daga mota: a maƙala ta a wurin da aka tanada, da sako-sakon da zai isa shan kwana, amma kada ta ja ƙasa. Sai filogi mai baki 13, mutum ɗaya ya tsaya a baya ya duba sigina da wutar birki. A ɗage 'yar tayar gaba har ƙarshe a ɗaure, a naɗe ƙafafun kusurwa huɗu, a rufe bakin gas daga tukunya, a kulle tagogi da murfin sama, a sauke birkin hannu. Madubai na ƙari da ake ɗaura wa na mota dole ne, saboda karaban ya fi mota faɗi, in babu su ba za ka ga komai a bayanka ba.

Bayan kilomita arba'in muka tsaya muka sake gwada notocin taya da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, domin an cire tayoyin kafin tafiya kuma noti yakan saki a farkon gudu. Tayar karaban ba kasafai take ƙarewa ta hanyar sulɓewa ba, tsufa ke kashe ta. Tana yini a tsaye wata da watanni a gefe ɗaya, rana na dukanta, zanenta na nan kamar sabo alhali gefenta ya tsattsage. A jikinta akwai lambobi huɗu: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ta kai shekara biyar a fara shirin canji, bakwai kuma kada a wuce. Iska ana auna ta ne da sanyi, kafin a motsa.

Yini na biyu, a wata doguwar gangara, wata babbar mota ta wuce mu da gudu. Iskar da take turawa ta fara ture bayan karaban, sannan ta zuƙo shi. Na ga gefensa ya leƙo a madubin dama, ya ɓace, ya leƙo a na hagu. Na kusa da ni ya ce, "Malam, sassauta." Abin yi a nan kaɗan ne, kuma duk ya saɓa wa abin da ƙafa ke so. A ɗage ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada a yi ƙoƙarin bin rangajin ana gyarawa, kada a taka birki da ƙarfi. Masu cewa a ƙara wuta don a miƙar da shi ba su taɓa gwadawa a gangara ba. Gudu ne ya kawo matsalar tun farko. Kaɗawa uku ya yi ya lafa. Daga ranar, duk gangara sai na rage gudu tun daga samanta.

Tsaunuka sun koya mana wani abu game da birki. Birkin irin wannan karaban ba shi da alaƙa da ƙafarka. Idan mota ta rage gudu, karaban ya tunkuɗo ta, mahaɗin ya shige ciki, shi ke jan sandar da ke kama birkin. To a gangara mai tsawo yana tunkuɗa ne ba hutu, birkinsa na kame ko ba ka taka naka ba. Mun sauko da giya ta biyu, duk da haka da muka tsaya a tsakiya, na kai tafin hannu kusa da taya ban taɓa ba, zafi na bugowa kamar bakin tanda, ga ƙauri. Minti ashirin muka ba shi. Baya da karaban kuwa, a ɗora hannu a ƙasan sitiyari, inda hannun ya nufa can wutsiyar za ta nufa. A yi a hankali, mutum ɗaya a ƙasa inda kake ganinsa a madubi. Ya fara lanƙwashewa da yawa, a ja gaba a sake. Babu abin kunya a ciki.

Wurin yada zango nakan duba sama kafin ƙasa: busasshen reshe, wayar lantarki. Sannan ƙasa: ina ruwa zai bi idan aka yi sama? Busasshen rafi ya fi ko'ina laushi da kyan gani, kuma shi ne wurin da ba a kwana, domin ruwan da aka yi can nesa kan tudu yana iya isowa cikin dare alhali kai ko ɗigo ba ka gani ba. Sai iska. Hanci ko wutsiya ake juya mata, ƙofa da rumfa su kasance a ɓangaren da take a kare.

Daidaita karaban da gefe ake farawa, tun yana maƙale da mota. Na ajiye ɗan ma'aunin magina mai ƙwayar iska a ƙasan ɗakin, ya nuna hagu ta yi ƙasa. Aka sa matakin roba gaban tayar hagu, na ja a hankali har ƙwayar ta zo tsakiya. Sai waigi gaba da bayan taya, sai birkin hannu, sannan a kwance daga mota. A ja birkin hannun nan har ya miƙe tsaye, musamman idan da baya aka shigo ko bayan na kallon gangara, saboda birkin yana da dabarar sakin kansa don a iya yin baya, kuma rabin ja ba ya hana shi silalewa. Gaba da baya kuma 'yar tayar gaba ke daidaitawa. Ƙafafun kusurwa su ne na ƙarshe, a kan 'yan katakai don kada su nutse. Aikinsu hana girgiza ne kawai. Wanda ya mayar da su jak zai lanƙwasa su, ko ya murɗe ƙasan ɗakin ƙofa ta daina rufuwa.

Wannan wahalar ba don daɗin barci kaɗai ake shan ta ba. Firijin karaban irin mai aiki da gas ko lantarki ko batir ba shi da injin matsawa. Zafi ke sa ruwan sinadarin cikinsa ya zagaya, ya gangaro da kansa. Ya karkata fiye da wajen digiri uku, sanyi ya ragu ko ya tsaya. A kan batir kuma yana jan kusan amfiya 10, shi ya sa ba a kunna shi ta nan sai injin mota na aiki, kuma riƙe sanyin da ya riga ya yi kawai yake yi. Mun kunna namu da lantarki tun daren da za mu tashi.

Lantarki shi ne inda aka fi yin rigima a zango. Wani wurin yana ba da amfiya 16, wani 10, wani 6 kawai. Inda wutar take bolt 230, amfiya 16 wat 3,680 ke nan, 6 kuwa 1,380. Butar dafa ruwa ta gida ita kaɗai tana cin 2,000 ko fiye. A zango na huɗu amfiya 6 aka ba mu, kuma maƙwabcinmu ya kashe wutar sandar da yake jona wayarsa sau biyu kafin magariba da irin wannan butar. Tamu mai wat 750 ce, tana da nawa amma ba ta taɓa tayar da kowa ba. Wayar jawowa a warware ta gaba ɗaya ko da sandar na kusa, don naɗaɗɗiyar waya da ke ɗauke da wuta zafi take yi har ta narke. A fara cusa ta a karaban, sannan a sanda. Wajen cirewa a fara da sanda.

Kwana uku muka yi a tsauni ba lantarki, batir da sola suka riƙe mu. Batir ɗinmu na dalma ne, an rubuta amfiya-awa 110 a jikinsa, wato yawan cajin da yake ɗauka, amma rabin wannan ne naka, don idan ana yawan sauke shi ƙasa da rabi ba ya daɗewa. In ya huta na wasu awoyi, bolt 12.7 cike yake, 12.2 ya kai rabi. Fitilu, famfon ruwa, fankar na'urar ɗumama ɗaki da cajin wayoyi suna cin mana kusan 20 a yini, ke nan ba za mu cika kwana uku ba in babu caji. Farantin sola mai wat 100 yana ba da amfiya 5 zuwa 6 da tsakar rana idan sama ta washe, amma inuwar reshe ɗaya tak a kan kusurwarsa sai ka ga lambar ta faɗi warwas. Na fi son mai naɗewa da ake ajiyewa a ƙasa, don karaban ya zauna a inuwa, farantin ya bi rana. Batirin litiyam ya kusa rabin nauyin na dalma kuma ana cin kusan duk abin da ke cikinsa, sai dai ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara, in ba mai na'urar ɗumama kansa ba ne.

A tsaunin nan ne gas ya nuna halinsa. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi. Da asuba ta biyu ƙaramin murhun da 'yan tanti suka zo da shi ya ƙi kamawa, gwangwaninsa cike, ka girgiza ka ji ruwa a ciki. Gas ɗin butan ne, shi kuma yana daina zama iska da zarar sanyi ya kusa sifili, tun kafin nan ma wutarsa ta yi rauni. Tukwanen karaban furofen ne, wanda ke aiki har digiri 42 ƙasa da sifili. Duk lokacin da na canza tukunya sai na shafa ruwan sabulu a mahaɗin. Kumfa ta taso, akwai yoyo. Ramukan da ke ƙasan akwatin gas ba a toshe su, saboda gas ɗin ya fi iska nauyi, ta nan yake zubewa waje. Harshen wuta shuɗi ake so. Ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, ba ya ƙonewa daidai, kuma a nan ake samun iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Na'urar da ke ƙara idan ta ji ta, da tukunyar kashe gobara mai hoda, da bargon kashe wuta kusa da ƙofa, waɗannan uku ban taɓa sa su cikin lissafin rage nauyi ba. Murhun gawayi kuwa ba ya shiga tanti ko rumfa, ko da ya yi kamar ya mutu. A lokacin ma ya fi fitar da gubar.

'Yan tanti sun kwana lafiya, kuma abin da ke ƙarƙashinsu ne ya cece su. Sanyi daga ƙasa yake shiga jiki, jakar barci kuma inda ka danne ta ba ta riƙe ɗumi, don haka katifar iska mai rufi a ciki ko ta soso mai kauri ta fi ƙarin bargo amfani. A jikin jakar barci ana rubuta lambobi uku. Ta farko, ta kwanciyar daɗi, ita ake dubawa. Ta ƙarshe cewa kawai take ba za ka mutu ba. Tantin mai rufi biyu ne, na wajen an rubuta masa milimita 3,000 na jure ruwa, ya kuwa jure. Raɓar da suka tarar a ciki da safe ba yoyo ba ne, numfashinsu ne, don sun rufe ƙofofin iska saboda sanyi. Haka karaban ma: murfin sama a ɗan buɗe muke barinsa kullum.

Makewayin yana da akwatin da ake zarewa ta waje a kai ramin da aka tanada, ba a zubar da shi ko'ina sai can. Wajen juyewa a danne ɗan maɓallin shigar iska, in ba haka ba ya riƙa tsartuwa. Abu ɗaya da ba a faɗa wa sabon shiga: bayan hawan tsauni iskar cikin akwatin ta fi ta waje matsi, saboda haka a fara buɗe marfin cikin alhali murfin makewayin na rufe. Wanda ya buɗe yana leƙawa ba zai so a tuna masa ba. Ruwan sha a ganga mai lita 40 da ake mirginawa muke ɗebowa, da tiyo na abin sha, don tiyon ban ruwa yana sa ɗanɗanon roba. Mu huɗu, ba wanka, ganga ɗaya a yini.

Bakin teku turaku ne suka zama magana. Siraran da ake sayar da rumfa da su na ciyawa ne kawai. A tsauni masu kama da ƙusa muka buga da guduma. A yashi sai masu faɗi, tsawon santimita 30 ko fiye, a kafa su a karkace, kansu na kallon nesa da rumfar. Inda yashin ya yi laushi ƙwarai, muka cika jakunkuna da shi, muka ɗaura igiya, muka binne. Ɗamarar iska muka ratsa ta saman rumfar, da sifirin a kowane ƙarshe don ta riƙa bayarwa kaɗan. Daren na goma iska ta tashi sosai, ƙarfe biyu na dare muka sauke rumfar gaba ɗaya, domin idan ta tashi ba ita kaɗai take tafiya ba, tana yage layin da aka zura ta a jikin karaban, ta nan kuma ruwa ke samun hanyar shiga bango. A jiƙe muka naɗe ta, washegari da rana ta fito muka baje ta ta bushe kafin fumfuna ta kama.

Da muka dawo, kafin a rufe ƙofa, na buɗe duk famfunan na bar su a buɗe, na zubar da ruwan tukunyar zafi, na wanke akwatin makewayi na bar marfinsa a sake don robar kada ta manne. Firiji a buɗe. Na bi kusurwoyi da ƙasan tagogi da na'urar auna damshi: ko'ina ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, sai ƙarƙashin tagar gaba da ta nuna 22, na yi mata alama da alli don a sake liƙe bakinta. Batir na cire na kai inda za a riƙa yi masa caji. Sannan na sa waigi a tayoyin biyu, na sauke birkin hannu, don idan aka bar shi a ja wata da watanni, takalman birkin mannewa suke yi.